Neman shawara: ina za mu sami bakin teku mara hayaniya da ake kallon kifaye a ƙarƙashin ruwa?

Abban Husna, Tudun Wada, Gombe

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zuwa bakin teku, musamman waɗanda suka tashi daga wannan yanki namu, domin sun fi sanin wahalar hanya daga nan. Ni da uwargida mun daɗe muna tara ɗan abin da ya samu domin mu yi tafiyar hutu ba tare da yara ba, kuma abin da muke so shi ne wuri mai nisa da gari, inda babu kaɗe-kaɗe da cunkoson baƙi, inda mutum zai zauna a inuwa ya huta, in rana ta yi sanyi ya shiga ruwa da tabarau da bututun numfashi ya kalli kifaye da murjani. Ba nutso da tukunyar iska nake nufi ba, wannan na san sai an koya an karɓi takardar shaida. Ina nufin wanda mutum ke kwanciya rub da ciki a saman ruwa, fuskarsa na ciki, yana shaƙar iska ta bututun da ya leƙo sama.

Abin da nake son sani shi ne, shin akwai irin wannan wuri a Najeriya, ko dole sai an ƙetare iyaka? In dole ne a fita, wace ƙasa ce ta fi dacewa da musulmi da ya tafi da iyalinsa, ta fuskar abinci da sallah da sutura? Wane lokaci ne na shekara ya fi kyau? Ya kamata in faɗi gaskiya game da iyo: ni na koya tun ina yaro a kogin Gongola, a ɓangaren Dadin Kowa, kuma rabona da shiga ruwa mai zurfi an daɗe. Uwargida kuwa ba ta iya ba sam, amma ita ce ta fi ni zumuɗin ganin kifayen. Allah ya saka wa duk wanda ya ba da lokacinsa.

Injiniya, Fadamar Mada, Bauchi

Wa alaikumus salam, Abban Husna. Allah ya cika buri. Tambayarka ta farko ita ce mai gajeriyar amsa: abin da kake nema babu shi a gaɓar Najeriya. Murjani halitta ce mai rai, kuma ba ya yaɗuwa sai a ruwa mai ɗumi, mai gishiri sosai, wanda hasken rana ke ratsawa har ƙasa. Gaɓarmu kuwa kogin Neja da sauran koguna suna zuba mata laka da ruwan daɗi dare da rana, ga kuma igiyar Atlantika mai ƙarfi da ke tayar da yashi, saboda haka ko ka sa tabarau a Tarkwa Bay ta Legas ko a Ibeno ta Akwa Ibom, abin da za ka gani bai taka kara ya karya ba. Wuraren shan iska ne masu kyau, amma ba don wannan aka yi su ba.

Ɗaya daga cikin wuraren da suka cika sharuɗɗanka shi ne gaɓar Afirka ta Gabas, a tekun Indiya. Kowa Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya yake fara ambata, kuma gaskiya ne cewa mafi yawan mutanenta musulmi ne, kiran sallah yana iske ka duk inda kake, abinci kuma ba ka da damuwa a kansa. Sai dai ina so ka sani cewa sunan Zanzibar kaɗai ba ya ba ka natsuwar da kake nema. Nungwi da Kendwa, a arewacin babban tsibirin Unguja, cike suke da otal-otal da 'yan talla da kiɗan dare, kuma ko tsibirin Mnemba da ake yabo saboda kifayensa, akwai safiyar da za ka iske kwale-kwale sun yi cirko-cirko a wuri guda, kowanne ya zuba mutanensa a ruwa. Wanda yake son shiru a can, sai ya nufi Pemba, wadda ke arewa da Unguja kuma baƙi ba su cika zuwa ba, ko ya bar Zanzibar gaba ɗaya ya tafi tsibirin Mafia.

Ni Mafia na je, kuma ita zan ba ka shawara. Tana kudu da Darussalam, ƙaramin jirgi yana kai ka cikin kusan rabin awa, ya sauke ka a Kilindoni, babban garin tsibirin, daga nan mota ta ratsa da kai cikin gonakin kwakwa zuwa ƙauyen Utende da ke bakin mashigin Chole. A 1995 gwamnatin Tanzaniya ta killace wannan yanki ta mai da shi gandun ruwa, mai faɗin murabba'in kilomita 822, kuma shi ya sa kifayensa suka tsira daga masu kamun kifi da nakiya da suka lalata wurare da yawa a gaɓar. Ana biyan kuɗin gandun a kowace rana, sama da dala 20 ga baƙo, saboda haka ka sa shi cikin lissafi tun daga gida. Amfanin mashigin Chole ga sabon shiga shi ne tsibirai sun kewaye shi, igiya ba ta da ƙarfi a ciki, kuma akwai wuraren da murjanin yake kusa da saman ruwa ƙwarai, har mutum yana ganin ƙananan kifaye masu ratsin rawaya da shuɗi suna shiga suna fita tsakanin rassansa, ga wani babban kifi mai baki irin na aku da kake jin ƙarar gurgurarsa a kunnenka lokacin da yake kankare murjanin. Kada dai ka sa ran farin yashi mai tsawo a ko'ina, domin yawancin gaɓar Mafia itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri ne suka rufe ta. Yashin da ya fi kyau yana kan tudun da ke fitowa tsakiyar teku in ruwa ya janye, kuma sai da kwale-kwale ake zuwa.

Wannan janyewar ruwa ita ce abin da mu mutanen tudu ba mu saba da shi ba, kuma ita ce ke tsara maka yininka. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a kwana guda, kusan awa 6 tsakanin cika da janyewa, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. A wannan gaɓa bambancin yakan kai mita 3 zuwa 4, ta yadda inda ka yi iyo da hantsi zai iya zama fili da azahar, mata suna tafiya a kai suna tsintar abin miya. Abin yana bin wata ne: ya fi tsanani a kwanakin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, kuma a waɗannan kwanaki ruwan da ke fita ta bakin mashigin yana gudu da ƙarfin da ba mai iya ja da shi. Don haka mai kwale-kwale ne ke faɗin lokacin fita, ba kai ba. Ka kuma tabbatar kun fahimci juna a kan agogo, domin mutanen gaɓar suna ƙirga awa daga fitowar rana, ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu.

Game da lokaci, ka guji Maris zuwa Mayu, damina ce mai ƙarfi kuma masaukai da yawa rufewa suke yi. Daga Yuni zuwa Satumba akwai sanyi mai daɗi amma iskar kudu tana kaɗawa. Oktoba zuwa Fabrairu ruwan ya fi kwanciya ya fi haske, kuma a lokacin ne manyan kifayen nan masu ɗigo-ɗigo, waɗanda suka fi kowane kifi girma a duniya amma ba sa cin komai sai ƙananan halittu, suke zuwa kusa da Kilindoni.

Hanya kuma, jirgin Habasha yana tashi daga Abuja da Kano zuwa Adis Ababa, daga can ka canza zuwa Darussalam. Babban abin lura shi ne biza. Ɗan Najeriya ba a ba shi bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema ta intanet tun da wuri a tantance shi a hedikwatar shige da fice, abin da kan ɗauki makonni, kuma bai kamata ka biya kuɗin jirgi kafin ta fito ba. Ku riƙe katin rigakafin ciwon shawara. In kun ratsa ta Zanzibar, tun 1 ga Oktoba 2024 ana wajabta wa baƙo inshorar dala 44. Ƙananan jiragen tsibiri kuma yawanci kilo 15 suke yarda da shi na kaya, ka gaya wa Hajiya tun yanzu.

Maman Sadik, Jekadafari, Gombe

Malam Abban Husna, sannu da ƙoƙari. Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, amma na lura duk bayaninsa a kanka ya tsaya, ni kuwa a kan 'yar'uwata zan yi magana, tunda ita ce ba ta iya iyo ba kuma ita ce mai zumuɗi.

Rashin iya iyo ba ya hana mutum ganin kifaye, in dai akwai rigar ceto daidai jikinsa, da jagora a cikin ruwa, ba a kan kwale-kwale ba. Jagororin kirki suna zuwa da zoben roba mai igiya, mace ta riƙe da hannu biyu ta sa fuskarta a ruwa, shi kuma yana ja a hankali, ko maigidanta ya riƙe igiyar in ruwan ya kwanta. Abin da zan ja kunne a kai shi ne sutura. Kada ta shiga teku da zani ko doguwar riga ko babban hijabi, domin in suka jiƙe nauyi suke yi, su naɗe ƙafa, hijabin kuma ya taso ya rufe bakin bututun. Akwai kayan iyo na mata da ke rufe jiki duka, wando da riga mai dogon hannu da hula mai kama kai, a saye su tun daga gida ko a yi oda, kada a bari sai an je ƙauyen da ba shi da kanti. Ta yi kitso mai kwanciya, ba mai tudu a ƙeya ba, domin a nan maɗaurin tabarau yake zama. Kai ma, Malam, ka sa riga mai dogon hannu da wando da ya wuce gwiwa. Ana cewa rana ba ta ƙona baƙar fata, amma wanda ya kwanta a saman ruwa awa guda ƙeyarsa da sharaɓarsa suna kallon sama zai ba da labari da daddare.

Ni da maigidana tsibiran Maldif da ke tekun Indiya muka je, kuma ina ganin ya kamata ku sa su cikin lissafi. Ƙasa ce ta musulmi, tsibirai kusan 1,200, kusan 200 ne kawai ake zaune a kansu. A da sai mai hannu da shuni ke zuwa, saboda baƙi ba sa kwana sai a tsibiran otal masu tsada, amma tun 2009 aka ba mutanen gari damar buɗe masaukai a ƙauyukansu. A irin waɗannan tsibirai ba a sayar da giya, matan gari da suturarsu suke shiga ruwa, saboda haka ba wanda zai kalli Hajiya, Turawa ne ma ake ware wa gefe guda a killace. Murjanin kuma a wasu tsibiran daga bakin yashi yake farawa, ba sai an hau kwale-kwale ba. Ana ba da biza ta kwana 30 a filin jirgi, amma suna duba tikitin dawowa da shaidar masauki da kuɗin guzuri sosai. Disamba zuwa Afrilu ne rani a can. Ba duk jiragen ruwa na haya ke aiki ranar Juma'a ba, kada ku sa ranar isowa ko ta komawa ta faɗo a kanta. Tsadar jirgin sama ce matsalarta, tunda sai an bi ta Doha ko makamancinta.

Inda na saɓa da ku duka biyu shi ne batun nisa da gari. Wurin da babu hayaniya, sau da yawa babu asibitin kirki, babu na'urar cirar kuɗi, wuta da intanet kuma sai yadda hali ya yi. Ga wanda wannan ce fitarsa ta farko, ni na fi son tsibirin da ke da shiru amma bai wuce awa ɗaya ko biyu da babban asibiti ba. Ku tafi da maganinku na yau da kullum, da na zazzaɓin cizon sauro in Tanzaniya kuka zaɓa, da na tashin zuciya saboda kwale-kwale. Kuma kada ku yi mamaki a masallaci, mutanen gaɓar nan da na Maldif yawancinsu Shafi'iyya ne, liman yana bayyana bisimilla, ƙunutin asuba kuma bayan ruku'u suke yi da ƙarfi, hannu a ɗage.

Baba Mai Ritaya, Alkaleri

Ɗana Abban Husna, na karanta abin da Injiniya da Hajiya Maman Sadik suka rubuta, kuma ba ni da abin ƙarawa a kan ƙasashen. Maganata a kan abin da za ka yi ne kafin ka je filin jirgin Lawanti. Iyon kogi da ka koya yana da amfani, amma ya saba maka da ɗaga kai sama da yin sauri, wannan kuwa akasin haka yake buƙata: fuska a ruwa, jiki a sake, numfashi ta baki kawai, a hankali. Yawancin waɗanda ke firgita a teku ba rashin iya iyo ne ke firgita su ba, ɗan ruwa ne ke shiga bututu, su shaƙe shi, su ɗago a gigice su fizge tabarau, alhali ƙasa ta yi musu nisa. Bai kamata mutum ya fara haɗuwa da wannan a tsakiyar teku ba, bayan ya kashe kuɗin da ya yi shekaru yana tarawa.

Wurin koyo yana nan kusa da kai. Ka biyo hanyar Bauchi, ka karya a Dindima ka shiga Yankari, ka sauka a maɓuɓɓugar Wikki. Ruwanta yana fitowa daga ƙarƙashin dutse garai-garai, ɗuminsa digiri 31 rani da damina, ƙasansa farin yashi, inda ya fi zurfi bai kai mita biyu ba, kuma yana raguwa har ya dawo iya gwiwa. Ku je a tsakiyar mako da sassafe kafin 'yan makaranta su cika wurin, ku kuma kula da jakarku saboda birai. Kada ka ce za ka gwada a madatsar Dadin Kowa ko a wani tafki, ruwan ba ya nuna komai, ga kuma tsargiya, wadda ake ɗauka ta fata a ruwan daɗi mai katantanwa.

Ka sayi tabarau da bututu naku na kanku, kada ku dogara da na haya da baki ɗari ya tauna. Wajen gwada tabarau, ka ɗora shi a fuska ba tare da maɗauri ba, ka ja iska kaɗan ta hanci. In ya manne bai faɗo ba, daidai yake. In kana da gashin baki, ta nan ruwa zai riƙa tsiyaya, sai ka rage shi daga ƙarƙashin hanci ko ka shafa ɗan basilin. Gilashin yana yin hazo, maganinsa a shafa yawu a ciki a ɗauraye sama-sama kafin a sa. Ku fara a tsaye, ruwa iya ƙugu, ku sunkuya ku yi ta numfashi har zuciya ta kwanta. Bayan haka ka bar ruwa ya shiga bututun da gangan, ka fesar da shi da huci ɗaya mai ƙarfi, sannan ka ja numfashi na gaba a hankali. Ka maimaita har ya zama ba ka tunani a kai. Uwargidanka ma sai ta yi duk wannan da rigar ceto a jikinta, ta kuma koyi juyawa rigingine ta huta. Ni ban yarda da irin tabarau ɗin da ke rufe fuska duka ba, musamman masu araha, domin iskar da ka fitar tana iya taruwa a ciki, kuma cire shi cikin gaggawa ya fi wuya.

A teku za ka ji jikinka ya fi sauƙin tasowa, saboda kowace lita tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, kada wannan ya ruɗe ka ka yi nisa. Ba a shiga shi kaɗai. In ka ji ruwa yana jan ka waje, kada ka yi kokawa da shi, ka yi iyo a gicciye, gefen gaɓa, har ka fita daga hanyarsa, in ka gaji ka kwanta ka ɗaga hannu. Kada ku taka murjani ko ku taɓa shi: yana yanka, ciwonsa ba ya saurin warkewa, kuma abin da ƙafa ta karya cikin daƙiƙa shekaru yake ɗauka kafin ya mayar, ga shi dama zafin teku ya kashe da yawa a 1998 da 2016. A wurin da ruwa ya janye ku sa takalmin roba, saboda akwai halittu masu dogayen ƙaya baƙaƙe da ke karyewa cikin tafin ƙafa, da wani kifi mai dafi da ke kwanciya kamar dutse. In ɗayanku yana da hawan jini ko ciwon zuciya ko asma, a ga likita kafin tafiya, kuma kada ku shiga ruwa a ranar da kuka sauka daga doguwar tafiyar jirgi.

Abban Husna, Tudun Wada, Gombe

Na gode ƙwarai, Baba, Allah ya ƙara girma. Wikki ba ta taɓa zuwa mini a rai ta wannan fuskar ba, kuma mun yanke shawarar da ita za mu fara da zarar kayan sun iso. Hajiya Maman Sadik, uwargida ta ce a miƙa godiyarta, ta riga ta fara neman kayan iyon. Injiniya, hutuna a Disamba yake, kuma batun bizar Tanzaniya ya ɗan tsorata ni, kada lokaci ya ƙure ba ta fito ba. Maldif kuma ina jin ta fi ƙarfin aljihuna. Akwai wata mafita a wannan gaɓar da ba ta da wannan jiran?

Injiniya, Fadamar Mada, Bauchi

Akwai, Kenya ce. A 2025 ta cire wa 'yan yawancin ƙasashen Afirka, har da Najeriya, sharaɗin neman izinin shiga ta intanet, amma ka tabbatar da kamfanin jirgi kafin ka biya, kuma katin shawara yana nan dole. Jirgin Habasha yana sauka Mombasa kai tsaye daga Adis Ababa. Daga can ka nufi arewa zuwa Watamu, tafiyar awa biyu zuwa uku a mota. Gandun ruwanta tun 1968 aka kafa shi, yana cikin na farko a Afirka, murjanin yana cikin ruwa mara zurfi kusa da gaɓa, ga kunkurun teku da yawa, kuma Disamba lokacinsa ne. Na fifita ta a kan Malindi da ke kusa, saboda kogin Sabaki yana zuba laka a can, ruwan yakan yi duhu bayan an yi ruwan sama. Watamu ba ta kai Mafia shiru ba, amma ta cika sharaɗin Hajiya Maman Sadik, tunda asibitocin Malindi ba su da nisa. Ka nemi masauki a kudancin garin, wajen mashigin Mida, nesa da kasuwa. In kun gaji da ruwa, kufan Gede yana nan kusa, tsohon birnin musulmi da aka watse daga cikinsa a ƙarni na 17, masallatansa da rijiyoyinsa suna tsaye cikin kurmi.

Abu ɗaya kawai: ku je a farkon Disamba ku dawo kafin ranar 20, domin daga nan har shigowar sabuwar shekara mutanen Nairobi da Turawa suke cika gaɓar, kuɗin ɗaki kuma yana tashi sosai.